Fayil ɗin ɗalibi a jami'ar Amurka: wa ke da ikon buɗe shi?

Uba ya biya kuɗin makaranta cif, ya biya na ɗaki da na abinci, har tikitin jirgi shi ya saya. Zangon karatu ya ƙare, yaro ya yi gum game da sakamako. Sai uban ya buga waya ofishin rajistara na jami'ar da ɗan nasa yake karatu a Amurka, ya faɗi sunansa, ya karanto lambar ɗalibin, ya ce so yake a gaya masa ko yaron ya ci jarrabawa. Ma'aikaciyar ta saurare shi har ya kai aya, ta duba kwamfutarta, sannan ta ce masa cikin ladabi ba ta ga takardar izini daga ɗalibin ba, saboda haka ba ta da abin cewa. Ya ce ai shi ne mahaifinsa. Ta ce ta yarda. Ya ce shi ke biyan kuɗin. Ta ce wannan ma ba ta musa ba, amma amsar tana nan yadda take.

Matar nan doka take bi, dokar da ake kira FERPA, wadda ta shafi haƙƙin iyali a harkar ilimi da kare sirrin bayanan ɗalibai. Sanata James Buckley na jihar New York ne ya kawo ta majalisa, shi ya sa wasu ke ce mata Gyaran Buckley. Shugaba Gerald Ford ya sa mata hannu ranar 21 ga Agusta, 1974, kwana 12 kacal bayan ya hau mulki, a daidai lokacin da badaƙalar leƙen asirin siyasa ta Watergate ta sa Amurkawa tsarguwa da duk wata hukuma mai tara bayanan mutane a ɓoye. Kafin nan, makarantu kan cika fayil ɗin yaro da ra'ayoyin malamai da jita-jita, su nuna wa 'yan sanda ko mai ɗaukar aiki, amma su hana iyayen yaron gani.

Akwai abu ɗaya da in mutum ya riƙe shi, sauran dokar za ta zo masa da sauƙi. Mutum ɗaya tak dokar ta tilasta wa jami'a ta buɗe wa fayil in ya nema: ɗalibin kansa. Duk sauran waɗanda aka lissafa a cikinta, iyaye ne, wata jami'a ce, masu bincike ne, abin da aka ce shi ne jami'a tana iya ba su, ba a ce dole ta ba su ba. Yawancin rigimar da ake yi a ofisoshin rajistara daga rashin bambance "tana iya" da "dole ne" take tasowa.

Yaushe haƙƙin ke komawa hannun ɗalibi

A firamare da sakandare, iyaye ne ke riƙe da haƙƙin. Yana komawa hannun yaro ranar da ya cika shekara 18, ko kuma ranar da ya fara karatu a makarantar gaba da sakandare, duk wanda ya riga. Yarinya 'yar shekara 16 da ta shiga jami'a ita ke da iko da fayil ɗinta na jami'ar, ko da doka ba ta yarda ta jefa ƙuri'a ba tukuna. Ba a duba fasfo: baƙon ɗalibi da ɗan ƙasa duk ɗaya suke a nan. Wanda ya gama ya tafi ma haƙƙinsa a kan tsofaffin bayanansa yana nan. Miji ko mata kuwa ba su da wani matsayi na musamman, daidai suke da baƙon da ya shigo daga titi.

Wanda ba shi da rabo shi ne mai neman gurbi da aka ƙi ɗauka, ko aka ɗauka amma bai taɓa halartar karatu ba. Ba zai iya neman ganin abin da kwamitin tantancewa ya rubuta a kansa ba. Ko ɗalibin da ke digirin farko a jami'a, in ya nemi shiga makarantar lauyoyi ta wannan jami'ar aka ƙi shi, ba shi da haƙƙi a kan waccan takardar neman gurbin.

Dokar ta hau kan duk makarantar da ke karɓar kuɗi daga wani shiri na Ma'aikatar Ilimi ta tarayya. Tunda kusan kowace jami'a, ta gwamnati da mai zaman kanta, tana da ɗaliban da ke cin bashin karatu ko tallafin tarayya, da wuya a sami wadda ta kuɓuta.

Abin da ake nufi da bayanan karatu

Sharaɗi biyu ne: bayanin ya shafi ɗalibin kai tsaye, kuma jami'a ce ke adana shi, ko wani da ke mata aiki. Ba ruwan dokar da siffarsa. Rubutun hannu, takardar da aka buga, abin da ke cikin kwamfuta, bidiyo, sautin murya, duk sun shiga. Saboda haka ba maki kaɗai ake magana ba. Jadawalin kwasa-kwasai, lissafin bashin da ake bin ɗalibi, takardun tallafi, rajistar halartar aji, bayanin masauki, takardar neman sassauci saboda nakasa, duk bayanan karatu ne. Haka ma fayil ɗin kwamitin ladabtarwa. An yi ja-in-ja a kan wannan na ƙarshe, har a 2002 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta hana Jami'ar Miami ta jihar Ohio da Jami'ar Jihar Ohio miƙa irin waɗannan takardu ga jaridar Chronicle of Higher Education, ta ce suna ƙarƙashin kariyar dokar.

Abubuwan da aka cire sun fi ban sha'awa, don a nan ne ɗalibai suka fi yin zaton da ba haka ba.

Na farko, 'yar takardar tuni da malami ya rubuta don kansa, ya ajiye a aljihun teburinsa, bai nuna wa kowa ba. Ɗalibi ba zai iya neman ganinta ba. Amma ranar da malamin ya tura ta ga shugaban sashe, ko ya sa ta a fayil ɗin da wasu ke iya buɗewa, ta tashi daga tuni ta zama bayanin karatu, ɗalibi yana da ikon karanta ta. Malaman da suka daɗe a harkar sun san haka, shi ya sa za ka ga suna taka-tsantsan da abin da suke rubutawa a imel game da ɗalibi.

Na biyu, takardun da sashen tsaro na jami'a ya haɗa da kansa don aikin tabbatar da doka, kuma shi ke riƙe da su. FERPA ba ta kare waɗannan. Rahoton da ɗan sandan jami'a ya rubuta game da faɗan da aka yi a ɗakin kwanan ɗalibai yana iya isa hannun 'yan jarida ko 'yan sandan gari ba tare da an tambayi kowa ba. Kwafin wannan rahoton da aka kai wa kwamitin ladabtarwa kuma, a can ya zama bayanin karatu. Takarda ɗaya, hukunci biyu, gwargwadon ofishin da take zaune.

Na uku, takardun jinya na asibitin ɗalibai da ofishin masu ba da shawara kan damuwa. Mutane da yawa suna ɗauka dokar sirrin marasa lafiya ta 1996, wato HIPAA, ita ke kare su. Ita kuwa HIPAA ta cire hannunta daga takardun da FERPA ta shafa. Muddin likita da masu jinya ne kaɗai ke ganinsu don magani, ana ajiye su a gefe, har shi ɗalibin ba shi da ikon karanta su kai tsaye a ƙarƙashin wannan doka, sai dai ya zaɓi wani likita ya duba masa. Da zarar an fitar da su don wani dalili daban, sun koma bayanan karatu, duk ƙofofin da za a ambata a gaba sun buɗe a kansu. Abin ya fito fili a 2015, lokacin da aka gano cewa lauyoyin Jami'ar Oregon sun karɓi takardun ganawar wata ɗaliba da mai ba ta shawara, alhali tana shirin shari'a da jami'ar. Hayaniyar da ta biyo baya ta sa Ma'aikatar Ilimi ta fitar da jagora a 2016 tana jan hankalin jami'o'i da kada su taɓa irin waɗannan takardu ba tare da izini ko odar kotu ba, sai in shari'ar a kan jinyar ce ko kuɗin jinyar. Jagora ce dai, ba a sauya rubutun dokar ba.

Akwai kuma takardun aiki na ma'aikacin jami'a da ke ɗaukar kwas a gefe, da bayanan da aka tara bayan mutum ya gama, da takardar gwajin da ɗalibai suka yi wa juna maki a aji kafin malami ya karɓa ya rubuta, kamar yadda Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Owasso a 2002. Sai kuma abin da ido ya gani ko kunne ya ji. Malamar da ta ji ɗalibi yana barazanar kashe kansa a bakin aji ba daga fayil ta samo labarin ba, don haka dokar ba ta ɗaure bakinta ba.

Yadda ake neman gani

Ɗalibi yakan rubuta buƙatarsa ga ofishin da ke riƙe da takardun, ya bayyana abin da yake nema. Babu wani fayil guda da ya tattara komai. Maki suna wurin rajistara, lissafin kuɗi yana ofishin kuɗi, maganar ladabtarwa tana wurin shugaban harkokin ɗalibai, takardun neman gurbi suna ofishin ɗaukar ɗalibai. Wanda ya rubuta "ina son ganin duk bayanaina" ga ofis ɗaya yakan sami abin da wannan ofishin ke da shi kawai. Gara a ambaci kowane nau'i da sunansa, a sa kwanan wata, a riƙe kwafi.

Jami'a tana da iyakar kwana 45 daga ranar da ta karɓi buƙatar. Daga wannan rana kuma ba ta da ikon lalata takardun da aka nema. Dole ne ta yi bayani in ɗalibi ya tambayi ma'anar wata lamba ko alama. Ba ta da ikon karɓar kuɗin nemo takarda, amma tana iya karɓar na kwafi. Abin da ya fi ba ɗalibai mamaki shi ne, haƙƙin na gani ne, ba na tafiya da kwafi ba. Ana iya zaunar da mutum a wani ɗaki da fayil a gabansa da ma'aikaci a gefe, a ce ya karanta, ya rubuta abin da yake so da hannu. Kwafi yana zama dole, ko wani shiri makamancinsa, in rashinsa zai hana ɗalibin gani gaba ɗaya, misali wanda ya koma ƙasarsu. In takarda ta ƙunshi sunayen wasu ɗalibai, za a rufe nasu. Wanda jami'a ke bi bashi ma yana da ikon ganin makinsa, sai dai wannan bai ba shi takardar sakamako mai hatimi ba.

Abu biyu ne a rufe: bayanan kuɗin iyayensa, da wasiƙun shaida da ya yafe haƙƙin ganinsu. A kusan kowane fom na neman gurbi akwai ɗan akwati da ke tambayar ko mai nema ya yafe haƙƙin karanta wasiƙar da malaminsa zai rubuta a kansa. Doka ta hana jami'a ta mai da yafewar sharaɗin ɗauka, kuma ko ya yafe, yana da ikon a gaya masa sunayen waɗanda suka rubuta. A aikace kuwa, masu tantancewa sun fi ba wa wasiƙar da aka yafe nauyi, don suna ganin marubucin ya saki jiki ya faɗi gaskiya. Shawarar da ta fi ita ce a yafe, amma a zaɓi malamin da aka amince da shi.

A farkon 2015 wasu ɗaliban Jami'ar Stanford suka yaɗa yadda ake amfani da wannan haƙƙi don ganin abin da masu tantancewa suka rubuta a kansu lokacin ɗauka. Buƙatu suka yi ta kwarara a jami'o'i da dama. Martanin wasu makarantun shi ne su daina ajiye irin waɗannan rubuce-rubuce da zarar an gama ɗauka. Doka ba ta hana ba, domin FERPA ba ta ce a adana komai na tsawon wani lokaci ba, ta hana sharewa ne kawai in akwai buƙatar gani a ƙasa.

Game da gyara, ɗalibi yana iya neman a gyara bayanin da ba daidai ba, ko mai ɓatarwa, ko wanda ya keta sirrinsa. In an ƙi, yana da haƙƙin zaman sauraro a gaban wanda ba shi da hannu a maganar, kuma yana iya zuwa da lauya a kuɗinsa. In ya sake faɗuwa, yana da ikon sa tasa takardar bayani a fayil, wadda dole ta bi bayanin duk inda aka tura shi. Wannan hanya ba ta ƙalubalantar maki ba ce. In malami ya ba da 78 aka shigar da 48, gyara ne. In malami ya ba da 48 ɗalibi yana ganin ya cancanci 78, sai ya bi tsarin ɗaukaka ƙara na tsangayarsa.

Izini, da ƙofofin da ba sa buƙatarsa

Ƙa'idar asali ita ce ba a fitar da bayani sai da rubutaccen izini mai sa hannu da kwanan wata. Izinin dole ya faɗi abu uku: waɗanne takardu, don wane dalili, ga wa. Sa hannu ta intanet ya wadatar in an tabbatar da mai shi. Jami'o'i da yawa suna da shafi inda ɗalibi zai ƙara sunan mahaifinsa, ya zaɓi abin da zai gani, lissafin kuɗi kaɗai ko har da maki, a ba uban tasa kalmar sirri da zai faɗa in ya kira. Da yaron can ya cike wannan shafin, da wayar mahaifinsa ta ƙare daban. Abin da bai kamata ba shi ne ɗalibi ya miƙa wa wani lambar sirrin asusunsa. Ya buɗe masa komai ke nan, har imel da rajistar kwas, kuma galibi ya karya ƙa'idar jami'a.

Sai ƙofofin da ke buɗuwa ba tare da izini ba, kuma suna da yawa. Mafi faɗi ita ce ta ma'aikatan jami'a masu halastacciyar buƙata ta aiki. Mai ba ɗalibi shawara kan kwasa-kwasai yana iya duba makinsa. Malamin da ya leƙa sakamakon ɗan maƙwabcinsa don son sani ya karya doka, ko da kwamfuta ta bar shi ya shiga. Inda gizo ke saƙar shi ne kalmar "ma'aikaci" ta haɗa da kamfanonin waje da jami'a ta ba kwangila, irin masu manhajar darasi, masu adana bayanai a intanet, masu karɓo bashi, muddin suna ƙarƙashin ikonta game da yadda ake amfani da bayanan. Ta wannan ƙofa bayanan ɗalibai da yawa ke fita a yau, ba tare da ɗalibi ya taɓa jin sunan kamfanin ba. Kowace jami'a dole ta bayyana wa take kira ma'aikaci a sanarwar da take fitarwa duk shekara, sanarwar da kusan ba wanda ke karantawa.

Ana kuma iya ba wata makarantar da ɗalibi ke neman komawa, da hukumomin tantance ingancin jami'o'i, da masu binciken kuɗin gwamnati, da masu nazari a madadin jami'ar, da masu ba da tallafin karatu gwargwadon abin da suke buƙata don sanin cancanta da adadi da sharuɗɗa. Wanda aka ba bayani ba shi da ikon miƙa shi gaba. In ya yi, ana iya hana shi samun bayanai daga wannan jami'ar na aƙalla shekara 5.

Iyaye suna da ƙofa uku. Ta farko, in ɗalibin yana cikin waɗanda suke ɗauke da nauyinsu a takardar harajin Amurka. Wannan ba ta cika yi wa iyayen da ke wata ƙasa amfani ba, tunda ba sa cike takardar harajin Amurka. Ko ga waɗanda ta shafa, jami'o'i da yawa sun zaɓi kada su yi amfani da ita, su ce sai ɗalibi ya sa hannu. Ta biyu, wadda aka ƙara a 1998: in ɗalibin bai kai shekara 21 ba a lokacin sanarwar, kuma an same shi da laifin karya ƙa'idar giya ko ƙwaya. Ta uku, halin gaggawa na lafiya ko tsaro.

Wannan ta ukun da jini aka faɗaɗa ta. Ranar 16 ga Afrilu, 2007, wani ɗalibi ya kashe mutum 32 a jami'ar Virginia Tech. Kwamitin da gwamnan jihar ya kafa ya gano cewa ofisoshi daban-daban sun ga alamun damuwa a tare da shi, amma kowa ya riƙe abin da ya sani, wasu don zaton dokokin sirri sun hana su magana. A ƙarshen 2008 aka gyara ƙa'idojin: in jami'a ta ga barazana babba da za ta iya bayyanawa da baki, tana iya sanar da duk wanda saninsa zai taimaka, iyaye, 'yan sanda, likitoci. Ma'aikatar Ilimi kuma ba za ta zo daga baya ta maye gurbin hukuncin jami'ar da nata ba, in dai akwai dalili mai ma'ana a lokacin. Sharaɗin shi ne a rubuta mece ce barazanar da kuma wa aka gaya wa.

Da odar kotu ko sammaci ma ana fitar da bayani, amma sai jami'a ta yi ƙoƙarin sanar da ɗalibin tukuna, don ya sami damar zuwa kotu ya nemi a hana. Ban da inda kotu ta ce kada a sanar, da odar binciken ta'addanci da dokar 2001 ta ba Babban Lauyan ƙasa damar nema. Ɗan sanda ko jami'in gwamnati da ya shigo ofis da katin shaida kawai ba shi da ikon a buɗe masa fayil. A shari'ar ladabtarwa kan laifin tashin hankali ko cin zarafi ta hanyar lalata, ana iya gaya wa wanda aka zalunta sakamakon ƙarshe ko yaya ya kasance, in kuma an sami wanda ake zargi da laifi, ana iya bayyana sunansa da laifin da hukuncin ga kowa.

Baƙon ɗalibi yana da tasa ƙofar daban. Dokar shige da fice ta 1996 ta ɗage FERPA gwargwadon abin da ake buƙata don sa ido a kan masu bizar karatu, kuma takardar I-20, wadda jami'a ke ba baƙon ɗalibi don neman biza ya sa mata hannu, tana ɗauke da izinin miƙa bayanai ga hukumar tsaron cikin gida. Ta tsarin SEVIS, wato rumbun bayanan gwamnati na baƙin ɗalibai, jami'a tana kai rahoton ko ɗalibi ya yi rajista a kowane zango, ko ya sauka ƙasa da cikakken nauyin karatu, wanda ga mai digirin farko kiredit 12 ne (kiredit shi ne ma'aunin nauyin kwas), ko ya sauya fanni, ko ya sauya adireshi, abin da shi kansa dole ya sanar cikin kwana 10. Babu fom ɗin da zai cike ya hana wannan.

Bayanan fili

Akwai rukunin bayanai da jami'a za ta iya ba kowa, muddin ta sanar da ɗalibai jerinsu ta kuma ba su lokacin ƙi. Ƙa'idojin sun yarda a sa suna, adireshi, lambar waya, imel, hoto, rana da wurin haihuwa, fannin karatu, aji, lokutan halarta, digiri da lambobin yabo, makarantar da aka baro, har da tsawo da nauyin 'yan wasa. Maki ba ya shiga, lambar tsaron zamantakewa, wato lambar shaidar mutum da gwamnatin Amurka ke bayarwa, ma haka. Kowace jami'a ita ke zaɓar nata jerin, wasu gajere, wasu har da adireshin gida. An tsara wannan rukuni a zamanin littafin waya na takarda. Yau suna da ranar haihuwa da adireshi da hoto sun ishi ɗan damfara jari, kuma sun ishi mai bibiyar mace ya san ƙofar da zai tsaya.

Maganin shi ne fom ɗin rufe bayanan fili a ofishin rajistara, kuma wasu jami'o'in suna da wa'adi a farkon zango. Rufewar tana ci gaba ko bayan an gama karatu, sai mai ita ya janye. Tana hana ma a ba masu ɗaukar soja sunan ɗalibi, abin da wata doka ta 1996 ta tilasta wa jami'o'i game da 'yan shekara 17 zuwa sama. Amma tana da tsada. Shekara uku bayan kammalawa, kamfani ya kira don tabbatar da digirin da mutum ya rubuta a takardar neman aiki. Ma'aikaci ya buga sunan, ya ga jan tambari a allo, ya ce, "Ba mu da wani bayani da za mu bayar game da wannan mutumin." Bai ce ya yi karatu a nan ba, bai ce bai yi ba. A kunnen mai ɗaukar aiki, wannan amsa da ta mai digirin bogi ba su da maraba. Sunan kan ɓace daga littafin bikin yaye ɗalibai ma. Wanda ya rufe saboda wani dalili na lokaci ya kamata ya tuna ya buɗe kafin ya bar makaranta. Rufewar kuma ba ta ba ɗalibi damar ɓoye sunansa ga 'yan ajinsu, ko ajin na intanet ne.

Wani haƙƙi da ba a cika amfani da shi ba: jami'a dole ta riƙe rajistar waɗanda suka nemi bayanan ɗalibi da waɗanda aka ba, da dalilinsu, kuma ɗalibi yana da ikon ganinta. Ba a rubuta ma'aikatan jami'a a ciki, ko waɗanda ɗalibi ya ba izini, ko masu neman bayanan fili, don haka rajistar takan yi gajarta fiye da yadda ake zato. Duk da haka a nan ake ganin ko an taɓa miƙa fayil ga wata hukuma.

In an karya fa?

Yawancin keta dokar ba mugunta ba ce, sakaci ne. Malami ya manna maki a ƙofar ofis da lambobin ɗalibai. An jibge takardun jarrabawa masu maki a kan tebur, kowa ya tona ya ɗauki tasa. An tura imel ga duk waɗanda suka faɗi kwas, sunayensu a jere kowa na ganin na kowa. Malami ya rubuta wasiƙar shaida ya ambaci makin ɗalibi ba tare da rubutaccen izini ba.

Wanda aka yi wa haka ba zai iya kai jami'a kotu ya nemi diyya da sunan FERPA ba. Shari'ar Jami'ar Gonzaga ta 2002 ce ta rufe wannan hanya. Wani ɗalibi mai shirin zama malami, wata ma'aikaciya ta ji ana zarginsa da lalata, ta kai maganar ga hukumar ba da lasisin koyarwa ta jihar Washington da sunansa, aka hana shi takardar shaidar ɗa'a da yake buƙata. Masu taya alƙali hukunci suka ba shi diyyar da ta haura dala miliyan ɗaya, wani kaso a kan keta FERPA. Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 7 a kan 2, ta ce dokar ba ta ba mutum haƙƙin da zai nema a kotu ba. Dalilin yana cikin yadda aka rubuta ta: majalisa ba ta ce an haramta fitar da bayani ba, cewa ta yi ba za a ba da kuɗin tarayya ga makarantar da ta mai da fitar da bayani manufa ko al'ada ba. Magana ce tsakanin gwamnati da makaranta, ɗalibi ɗan kallo ne.

Hukuncin kuwa, yanke tallafin tarayya, ya yi girman da ba a iya ɗaga shi. Yanke shi zai rusa karatun dubban ɗaliban da ba su ji ba ba su gani ba, shi ya sa shekaru gommai suka shuɗe ba a yi wa wata jami'a haka ba. Masu suka suna kiran dokar kyanwar Lami, kuma ta fuskar diyya suna da gaskiya. Ta wata fuskar kuma 'yan jarida suna kukan cewa jami'o'i sun mai da ita garkuwa, suna fakewa da sirrin ɗalibai don ɓoye abin kunyar hukuma ko na 'yan wasansu. Duka biyun suna faruwa. Abin da ke sa dokar aiki a kullum shi ne tsoron bincike da ɓacin suna, da horon da ake yi wa ma'aikata, da kuma cewa ma'aikacin da ya leƙa abin da ba nasa ba yana iya rasa aikinsa. Dokokin jiha kan ɓata suna ko keta sirri wata hanya ce daban da lauya zai iya dubawa.

Hanyar da FERPA ta bari ita ce ƙorafi a rubuce ga ofishin kare sirrin ɗalibai na Ma'aikatar Ilimi a birnin Washington. Ɗalibin ne da kansa zai shigar, ya faɗi takamaiman abin da ya faru: wane bayani, wa ya fitar, ga wa, ranar nawa ga wata, tare da duk shaidar da ke hannunsa. Wa'adin kwana 180 ne daga ranar da abin ya faru, ko ranar da ya sani ko ya kamata ya sani. In ofishin ya sami jami'a da laifi, yakan rubuta mata matakan da za ta ɗauka ya ba ta lokaci ta gyara. A wa'adin ne ƙorafe-ƙorafe ke yawan mutuwa. Ɗalibi yakan fara da shugaban sashe, a tura shi wurin shugaban tsangaya, a ce ya jira kwamiti ya zauna bayan hutu, kafin ya ankara wata shida sun wuce. Bin matakan cikin gida ba ya tsayar da ƙidayar kwanakin, kuma ba abin da ya hana a shigar da ƙorafin tarayya alhali ana kan tattaunawa da jami'ar.